Maigidana marini ne, ya fara fitsarin jini amma ya ce tsargiya ce

Saƙon da wata 'yar uwa ta turo min kenan, na ɗan taƙaita shi:

"Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Maigidana marini ne, shekararsa 23 yana rinin shadda da yadi a nan Kano, yanzu yana da shekara 46. Wata biyu da suka wuce na shiga banɗaki bayan ya fito sai na ga alamar jini, da na matsa masa ya ce eh fitsarinsa ne ya yi ja amma ba ya jin zafin komai, wai tsargiya ce irin wadda ya yi yana yaro a ƙauye. Ya je kemis aka ba shi magani ya ɗauke, satin da ya wuce kuma ya dawo har da ɗan gudaji. Na ce mu je asibiti ya ce na fiya tsoro. Maƙociyata ta ce wai kalar da suke rini da ita tana sa kansa. Hannunsa kullum baƙi ƙirin, da haidiro (garin sinadarin da marina suke cire kala da shi) ko Hypo yake wankewa, ni nake wanke kayan aikinsa haɗe da na yara, babban ɗanmu mai shekara 14 yana binsa wurin aiki ranar da babu makaranta, kuma duron da muke tara ruwa daga can ya kawo shi. Yana ɗan taɓa sigari. Anti gaskiya ne maganar kalar nan? Ya zan yi da shi? Da sana'ar nan muke ci muke sha."

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma Allah ya saka miki da alheri da kika sa ido har kika gani, dan mata da yawa sai abu ya yi nisa suke sani saboda mazan ɓoyewa suke yi.

Bari in fara da abinda ba ya jira, sauran bayani ya biyo baya. Maigidanki yana buƙatar ganin likitan mafitsara a cikin satin nan, ba kemis ba, ba mai maganin gargajiya ba, kuma ko da jinin ya sake ɗaukewa gobe da safe fitsarin ya dawo fari tas, tafiyar tana nan. Ban ce miki kansa ce ba, ni ba zan iya sani daga saƙo ba kuma likita ma ba zai sani ba sai ya duba. Jini a fitsari yana zuwa da dalilai da yawa, akwai tsakuwar ƙoda, akwai infekshan, akwai tsargiyar da ya faɗa, akwai matsalar furostet, wato 'yar gaɓar da take ƙarƙashin mafitsarar namiji. Amma jinin da yake zuwa ba zafi ba raɗaɗi, ya zo ya tafi ya sake dawowa, a jikin mutumin da ya haura shekara 40, ya shafe sama da shekara 20 hannunsa cikin kala, ga sigari a kai, wallahi duk likitan da ya ji wannan labarin abu na farko da zai so ya tabbatar babu shi shine kansar mafitsara. Haka take fara nuna kanta, shiru, ba ciwo. Kuma ɗaukewar da jinin ya yi bayan maganin kemis ba hujja bace cewa maganin ne ya yi aiki, da ma can ɗabi'ar jinin kenan ya ɓace sati ko wata ya dawo, a nan ne mutane suke ruɗuwa su yi asarar watannin da suka fi komai tsada.

Maganarsa ta tsargiya ba shirme bace, ki daina musa masa ita kai tsaye. Duk wanda ya tashi a ƙauyen da ake wanka a kududdufi ko dam ko ake noman rani ya san yaro ya yi fitsari a ga ɗigon jini a ƙarshe, har wasu wuraren ana ɗaukarsa alamar balaga ce. Toh amma tsargiya ana gane ta da gwajin fitsari a ga ƙwan tsutsar, maganinta Praziquantel, ba canki-canka ake yi ba. Kuma abinda bai sani ba shine tsargiyar da ta daɗe a jiki ita kanta tana cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo kansar mafitsara, saboda ƙwan da yake maƙalewa a bangon mafitsarar yana ta gurza ta shekara da shekaru. Kinga kenan in ya ce "ai na yi tsargiya ina yaro", dalilin zuwa asibiti ya ƙaro, bai rage ba.

Yanzu maganar maƙociyarki. Tana da gaskiya, sai dai ba kowace kala ba, kuma ina so ki fahimci bambancin da kyau dan kar ki je ki ce masa sana'arsa guba ce ya toshe kunne.

Rinin da kakanninmu suka sani, na baba da toka da katsi, irin wanda har yau ake yi a karofin Ƙofar Mata da ake cewa tun 1498 yake, da wanda ya ɗaga sunan garin Kura har Buzaye suke zuwa daga sahara neman turkuɗi, wannan ba shi ake magana ba. Kalar gwangwani da ta leda ita ce baƙuwa. A 1856 wani yaro ɗan shekara 18 a Ingila, William Perkin, ya haɗa kala ta farko daga sinadaran da ake samu a kwaltar gawayin ƙasa, daga nan masana'antu suka ɓarke musamman a Jamus. Ba a yi shekara 40 ba, a 1895, wani likitan tiyata a birnin Frankfurt mai suna Ludwig Rehn ya lura ma'aikata uku daga masana'antar kala ɗaya sun zo masa da ƙari a mafitsara, ya ce wannan ba haɗuwar banza bace. An daɗe ana ɗora laifin a kan sinadarin anilin, sai daga baya aka gano manyan masu laifin 'yan uwansa ne, musamman benzidin da bita-naftilamin. A 1938 wani mai bincike Wilhelm Hueper ya ba karnuka bita-naftilamin suka kamu da irin ƙarin nan, a 1954 aka yi babban bincike a kan ma'aikatan masana'antun kala na Ingila aka ga ciwon ya yi musu yawa fiye da kima, sannan a 1967 Ingila ta hana sarrafa su. Ki duba tazarar, daga 1895 zuwa 1967, mutane nawa suka tafi a tsakani suna neman abincin iyalinsu kamar maigidanki. Abin yana ci min rai duk sanda na tuna, dan an san gaskiyar tun da wuri, jan ƙafa kawai aka yi.

Shi benzidin ɗin gari ne da ake haɗa kala da shi a masana'anta, maigidanki da wuya ya taɓa riƙe shi tsurarsa. Matsalar ita ce akwai kaloli da dama da aka gina su a kansa, yana ɗaure a cikinsu kamar an ƙulle shi da igiya, in kalar ta shiga jiki sai ƙwayoyin bakteriya na hanji, har da na kan fata, su kwance ƙullin, benzidin ya fito tsirara. Jini ya kai shi hanta, hanta a ƙoƙarinta na fitar da shi ta juya shi zuwa wani abu da ya fi shi illa, ƙoda ta tace ta zuba a mafitsara, a nan zai zauna awa da awanni a cikin fitsari yana taɓa bangon mafitsara yana lalata ƙwayoyin halittar wurin kaɗan kaɗan. Shi yasa ba hannun da ya taɓa kalar ne yake kamuwa ba, can mafitsara abin yake ɓullowa. Kuma ba ya gaggawa, yawanci sai an yi shekara 15 zuwa 20 da fara hulɗa da shi, wani har 40, wani ma ya daɗe da barin aikin. Hukumar binciken kansa ta duniya da ke Lyon a Faransa, IARC, ta sa benzidin da duk kalolin da suke komawa benzidin a jiki a rukuni na 1, wato waɗanda babu sauran shakka suna sa wa ɗan adam kansa. Jamus ta hana irin kalolin a kayan sawa a 1994, Tarayyar Turai ta bi a 2002, Indiya ma da take cikin manyan masu yin kala ta hana nata a shekarun 1990. Amma hana abu a takarda daban, ɓacewarsa daga kasuwa daban, tunda suna da araha kuma suna kama auduga ba wahala.

Sunayen da aka fi sani, in an ci sa'a akwai rubutu a jikin buhu ko duro, sune Direct Black 38, Direct Blue 6, Direct Brown 95 da Direct Red 28 wadda ake kira Congo Red. Wani lokacin lamba ce kawai, ta baƙar 30235, shuɗiyar 22610, ruwan ƙasar 30145, jar kuma 22120. Ki rubuta su a takarda ki ba shi ya sa a aljihu. Kalolin da ake narkawa da soda da haidiro, irin wanda masu rinin shadda suka fi amfani da su, yawanci wani dangi ne daban ba na benzidin ba, wannan abin a ɗan ji sanyi ne. Sai dai ke ma kin san yadda ake sayen kala a wurinmu, a auno a cokali ko gwangwani a ƙulle a leda, ba suna ba lamba, "ba ni baƙa", "ba ni ruwan goro", shikenan. Mutumin da ya yi shekara 23 yana rina yadi kala-kala ba zai iya rantsewa bai taɓa hulɗa da irin waɗancan ba. Dan haka ƙa'idar mai sauƙi ce, duk kalar da ba a san sunanta ba a riƙe ta kamar mai cutarwa ce.

Ni na tashi a unguwar da ake rini, har yau in na ji warin haidiro sai in tuna layinmu da ruwan kwata da yake canza launi safe da yamma. Na sha tsayawa ina kallon marini ya kwance ledar kala ya zazzaga a baho, wata 'yar ƙura siririya ta tashi ta bi hasken rana, shi ko a jikinsa, ya sa hannu ya dama, in an jima ya goge hannun a wando ya ɓare goro ya jefa a baki. Da yamma in ya fyace majina sai ki ga launin kalar da ya yi aiki da ita ranar. A ɗan wannan abin da na faɗa miki hanyoyi ukun duk sun cika, ya shaƙa, ya haɗiya, fata ta tsotsa. A birnin Kyoto na Japan an taɓa gano masu yin zane a jikin kimono, rigar gargajiyarsu, da suke lasar bakin burushi dan ya yi tsini suna kamuwa da kansar mafitsara fiye da sauran mutane, ɗan lasar nan kawai. Kuma a 2015 a yankin Fukui na Japan ɗin aka samu ma'aikatan wata masana'antar haɗa sinadaran kala sun kamu saboda wani ɗan uwan benzidin mai suna oto-toluwidin, da aka bincika aka ga ta fata ya fi shigarsu, ta hannu da kayan aiki da suka jiƙe da shi. Kenan ba tsohon labari bane.

Abinda ya fi tayar min da hankali a saƙonki bayan jinin shine wanke hannu da haidiro. Dan Allah ki karanta masa wannan wurin ko sau biyu ne. Haidiro yana cire kala ne ta hanyar tsinka ƙullin nan da na faɗa miki, shi yasa hannu yake yin fes nan take. In kalar mai benzidin ce, toh da hannunsa ya kwance gubar a kan fatarsa, launin ya tafi, abinda ake tsoro ya rage. Ko a ɗakin gwaji in ana so a gane ko yadi yana da irin kalolin nan, da wannan sinadarin ake fito da gubar a auna. Haka in ana cire tsohuwar kala daga yadi da haidiro a ruwan zafi, wannan ruwan ba na tsoma hannu bane. Shi kuma Hypo da soda suna cinye maiƙon fata su bar ta a tsattsage, kin san sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ya shafa man shafawa mai kauri, launin da ya rage ya barshi zai bi fata ya fita da kansa. Kuma kar a taɓa haɗa haidiro da Hypo a mazubi ɗaya.

Toh ya za ki shawo kansa. Ni a ganina ba taurin kai bane kawai, tsoro ne da kunya da lissafin kuɗi. Namiji ya ji an ce za a duba gabansa, kuma yana tunanin in aka ce ciwo ne wa zai riƙe gidan, sai ya gwammace ya ce tsargiya ce ya huta. Kar ki tare shi a gaban yara, kar ki fara da kalmar kansa, kar kuma ki ce maƙociya ce ta faɗa, dan zai ji kin kai sirrinsa waje. Ki bari ya ci abinci ya natsu, ki ce masa Malam na yarda wataƙila tsargiyar ce, amma tunda an sha magani ta dawo mu je a gwada a tabbatar a ba ka wanda ya dace, hankalina ya kasa kwanciya, ko dan yaran nan ka yi min wannan alfarmar. In ya ƙi, kin san wanda ba ya iya yi wa musu, ko Hajiyarsa ko yayansa ko malaminsa, ki samu mutum ɗaya mai riƙe sirri ki faɗa masa. Wannan ba tona asiri bane, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Zai iya yin fushi kwana biyu, ki daure. In kina da 'yan kuɗin adashi ko wani abu da kika ajiye, ki ce masa kuɗin kati da gwajin farko kin tanada, sau da yawa wannan kaɗai yake kwance maganar.

A Kano akwai sashen mafitsara a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai kuma asibitin Abubakar Imam da aikinsa kenan. Za su gwada fitsari, su yi sikanin na ƙoda da mafitsara, wataƙila su duba fitsarin a madubin likita ko akwai baƙin ƙwayoyi, amma gwajin da yake raba gardama shine wanda ake zura siririn bututu mai kyamara ta hanyar fitsari a leƙa cikin mafitsarar. Na san nan ne zai ce a'a. Ki faɗa masa ana sa maganin kashe zafi, mintuna ne, kuma yawanci ranar ake komawa gida. Ko sikanin ya nuna ba komai, in likita ya ce a yi na kyamarar a yi, dan ƙaramin ƙari yana iya ɓuya wa sikanin. Kuma dan Allah ya buɗe baki ya faɗa wa likita aikinsa, shekara nawa, wace irin kala, da me yake wanke hannu, karan sigari nawa yake sha a rana, da tsargiyar yarinta. Likitoci suna da layi mai tsawo, wani ba zai tambayi sana'a ba, in ba a faɗa ba sai a rubuta maganin infekshan a sallame ku. In hali ya yi ki bi shi, ke za ki tuna abinda zai manta ko zai ji nauyin faɗa.

In ma Allah ya ƙaddara an ga wani abu, ki sani kansar mafitsara tana cikin waɗanda in an kama su tun suna saman bango ba su nutsa cikin tsoka ba, ta wannan hanyar ta bututu ake kankare su ba tare da an tsaga ciki ba, sai a riƙa dawowa ana dubawa lokaci lokaci dan tana da halin sake tsirowa. Mutane suna rayuwa shekaru masu yawa bayan haka suna harkokinsu. Wadda ta nutsa ita ce mai wahala da cin kuɗi, kuma abinda yake raba biyun sau da yawa watannin da aka ɓata ne ana zagayen kemis.

Sai gidanki, wanda wannan a hannunki yake ba sai kin jira kowa ba. Duron nan ki daina sha da girki da ruwansa daga yau, ko an wanke shi sau goma, roba tana riƙe sinadari kuma ba ki san me aka fara zubawa a ciki ba. Kayan aikinsa kar su sake haɗuwa da na yara, mafi kyau ma ya cire su a can ya yi wanka ya sako na gida, in dole sai an kawo toh a ƙulle a leda, baho daban, ki sa safar hannu ta roba mai kauri, kar ki kakkaɓe su a tsakar gida, ruwan wankin kuma nesa da rijiya da inda yara suke wasa. Kar ya ɗauki ƙaramin yaro ko ya zauna kan tabarmar cin abinci kafin ya yi wanka. In yana ajiye ragowar kala ko soda ko haidiro a gida a fitar da su. Soda musamman, in an narka ta kamar ruwa take, yara suna ɗauka su sha ta ƙone musu maƙogwaro har abinci ya daina wucewa, in hakan ta taɓa faruwa ba a sa yaro amai, ba a ɗura masa manja, asibiti ake gudu. Haidiro kuma in danshi ya taɓa shi yana ɗaukar zafi da kansa har ya iya tayar da wuta.

Yaronku ɗan 14 shine na fi jin tausayi. Ban ce kar ya koyi sana'ar mahaifinsa ba, sana'a ce mai daraja kuma gado ne, amma ki tuna lissafin shekarun nan, wanda ya fara shaƙa yana da 14 zai iya ganin sakamakon yana da 35, lokacin da yake tsakiyar ƙarfinsa da ƙananan yara. A cire shi daga wurin awo da dama kala da tsoma hannu. Akwai ɗaurin zane, akwai shanya in an gama ɗauraya, akwai ninki, kai kaya wurin bugu, karɓar kuɗi da rubuta na masu kaya, duk koyon sana'a ne.

Shi kuma maigida in ya koma aiki, ba sai ya bar rini ba, gyara ake so. Wurin da ya fi haɗari shine lokacin da kalar take gari, dan haka a auna ta inda iska ba ta kaɗawa, a hankali da cokali mai dogon hannu ba zazzagawa daga sama ba, a fara kwaɓa ta da ɗan ruwa ta zama kamar ƙullu kafin a zuba a baho, a rufe mazubin nan take. Takunkumi na ƙura na gaske irin N95 wanda yake kama fuska, ba ƙyalle ko bakin rawani ba. Safar hannu mai kauri mai tsawo har gwiwar hannu, ba 'yar siririyar nan ta asibiti da take yagewa ba, kuma in ta huje a yar, dan safar da ruwan kala ya shiga cikinta ta fi rashin safar illa, ta riƙe gubar a jikin fata cikin gumi yini guda. Takalmin roba mai tsawo, da gaban riga na leda, da tabarau lokacin haɗa soda. Soda ita ake zubawa a ruwa kaɗan kaɗan, ba a zuba mata ruwa a kai, tana tafasa ta fantsama, in ta shiga ido a yi ta zuba ruwa mai tsabta aƙalla minti 20 sannan a tafi asibiti. Garin da ya zube a ƙasa a goge da jiƙaƙƙen tsumma, tsintsiya tayar da shi take yi. Abinci da goro da ruwan sha a can gefe, bayan an wanke hannu da sabulu. Na san zai ce zafi, safa tana hana shi jin yadin a hannunsa, gaskiya ne tana hanawa, sati biyu ne hannu ya saba. Kuma in yana sayen kala da yawa ya riƙa tambayar dila sunanta da takardar bayanin haɗarinta, kowane duro daga masana'anta da ita yake fitowa, in marina goma suka haɗa baki suka ce ba za su sayi marar suna ba dila zai nemo.

Akwai wata al'ada da nake so ki cire masa, ta shan madarar gwangwani bayan aiki wai tana wanke kemikal. Madara abinci ce mai kyau amma ba ta wanke komai daga jini ko mafitsara, illarta ma ita ce mutum ya sha ya ji kamar ya kare kansa. Abinda yake da ɗan amfani shine shan ruwa sosai da rashin riƙe fitsari, dan kar abin ya daɗe a zaune, shi ma taimako ne ba magani ba. Sigari kuwa dole ta tafi, ba ragewa ba. Hayaƙinta yana ɗauke da bita-naftilamin ɗin nan da aka hana a masana'antu da wani ɗan uwansa, kuma kusan rabin masu kansar mafitsara sigari ce sila. Mai rini da yake shan sigari ta baki biyu yake zuba wa mafitsararsa abu iri ɗaya, balle in da hannun kala yake riƙe karan.

Ba ki faɗa min ko nasa wurin bane ko a ƙarƙashin wani yake ba. In ma'aikacin kamfani ne mai rajista, dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 wadda hukumar NSITF take kula da ita ta haɗa da cututtukan da aiki yake jawowa, dan haka duk takardar asibiti da rasit ki adana su a leda ɗaya kar ko ɗaya ta ɓata. In kuma nasa ne, toh yaran da suke aiki a ƙarƙashinsa amana ce a wuyansa, abinda zai saya wa kansa na kariya su ma ya saya musu, kuma duk abokin aikinsa da ya daɗe a harkar ya ji labarin nan, ko wanda ya bari shekaru goma da suka wuce, in ya ga fitsarinsa ya canza zuwa ja ko ruwan shayi ko sau ɗaya ne ya je a duba.

Yau da daddare ki samu takarda ki rubuta ranar da kika fara ganin jinin, ranar da ya dawo, ko a farkon fitsari yake zuwa ko a ƙarshe ko gaba ɗaya, da maganar gudajin, ki nemo kwalin maganin da aka ba shi a kemis ki haɗa. In kafin ranar zuwan fitsari ya ƙi fita gaba ɗaya, ko jinin ya yi yawa, ko zazzaɓi da ciwon kwiɓi suka taso, kar ku jira safiya, ku tafi sashen gaggawa a daren. Allah ya sa ku ji alheri ƙanwata, ina jiran ki rubuto min abinda likitan ya ce.